Maganin Mutuwa: Daga Amurka Zuwa Kebbe



Wani dare a zangon karatun da ya wuce, an ɗauke wuta, zafi ya hana kowa barci, muna zaune mu biyar a ƙofar ɗaki, sai wani abokinmu ɗan sashen kwamfuta ya miƙo wayarsa ya ce mu zo mu ga ikon Allah. Bidiyon wani attajirin Amurka ne mai suna Bryan Johnson, wanda ya sayar da kamfaninsa ya sami kuɗi, ya kuma ɗaura ɗamarar yaƙi da tsufa. Yana kashe wajen dala miliyan 2 a shekara a kan jikinsa kaɗai. Likitoci na auna shi dare da rana, abincinsa a ƙididdige, barcinsa a ƙididdige, har an taɓa ɗibar ruwan jinin ɗansa aka ƙara masa. Burinsa ɗaya ne: kar ya mutu.

Nan take musu ya kaure. Ɗaya ya ce wannan ai tsagwaron kafirci ne, a kashe wayar. Mai wayar ya ce mu bar raina Turawa, mutanen da suka je wata, nan da shekara ashirin za su gano maganin tsufa muna nan muna musu. Ni ban ce komai ba, domin hankalina ya tafi wajen kakata da ke wani ƙauye kusa da Kebbe. Ba ta san shekarunta ba, abin da ta sani shi ne tana goyon fari aka kashe Sardauna a 1966. Ta haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, shida daga cikinsu ba su kai shekara biyar ba. Ita ga ta nan da ranta, tana tsinke zogale da hannunta.

Tun daren nan tambaya biyu suka tsaya mini a rai. Shin fasaha za ta iya hana ɗan Adam mutuwa? In ma za ta iya, abin so ne? Ni ɗalibin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ne, ba likita ba, ba kuma malami ba. Abin da na karanta na fahimta shi zan kawo, mu duba tare.

Me ya ƙaru a shekarun ɗan Adam?

Babbar hujjar abokina ita ce shekarun mutane sun ninka. Kuma da gaskiyarsa. A wajajen 1900 matsakaicin tsawon rai a duniya bai wuce shekara 32 ba, yau ya haura 70. A Japan ya kai wajen 84. A Najeriya kuwa yana wajen 54, muna cikin na can ƙasa a duniya.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. In an ce matsakaicin rai 54 ne, ba ana nufin ɗan Najeriya yana kai 54 ya faɗi ba. Bari mu yi lissafin 'yan aji ɗaya. A ce an haifi yara goma a wani ƙauye. Huɗu sun rasu suna shekara ɗaya, shida sun kai 80. In ka tara ka raba goma, za ka sami 48 da 'yan kai. Ka ga babu ko mutum ɗaya da ya mutu yana 48, amma lissafi ya ce 48. Yanzu a ce an ceci yaran nan huɗu, su ma sun kai 80. Matsakaici ya tashi daga 48 ya koma 80, alhali babu tsohon da aka ƙara wa ko kwana ɗaya.

Yawancin ƙaruwar da duniya ta samu ta wannan hanya ta zo: ruwa mai tsabta, allurar rigakafi, maganin ƙwayoyin cuta, haihuwa a hannun ƙwararru, da isasshen abinci. Daga baya an sami ƙari a ɓangaren manya saboda maganin hawan jini da ciwon zuciya. Amma can ƙololuwa, rufin bai motsa ba. Mutumin da aka tabbatar da takardu cewa ya fi kowa daɗewa a wannan zamani wata Bafaranshiya ce, Jeanne Calment, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122 da kwana 164. Tun daga lokacin an ƙirƙiro wayar da muke riƙe da ita, an karance DNA ɗin ɗan Adam kaf, amma ba a sami wanda ya kamo ta ba. Masu kai shekara 100 sun ƙaru sosai, masu wuce 120 babu.

Me ya sa jiki yake tsufa?

Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Yawancinsu suna rabuwa gida biyu don su maye gurbin waɗanda suka mutu, shi ya sa miki yake warkewa. A 1961 wani masani a Amurka, Leonard Hayflick, ya nuna cewa ƙwayar halittar mutum da aka raina a ɗakin gwaji tana rabuwa kamar sau 50 ne, daga nan ta tsaya.

Ɗaya daga cikin dalilan yana bakin zaren DNA. Ka san igiyar roba, in ka yanke ta sai ka ƙona bakin don kar ta warware. To, kowane zaren DNA yana da irin wannan kariya a bakinsa, ana kiranta telomiya. Duk rabuwa ɗaya sai ta ɗan gajarce, in ta ƙare ƙwayar ta daina rabuwa. Masana uku da suka gano yadda wannan yake aiki sun sami kyautar Nobel a 2009.

Wani zai ce to a hana ta gajarcewa mana, shi ke nan. Ai akwai ƙwayoyin da suka koyi yin haka da kansu, kuma sunansu ciwon daji. A 1951 wata mata baƙar fata, Henrietta Lacks, ta rasu da ciwon daji a birnin Baltimore tana da shekara 31. Ƙwayoyin da aka ɗiba daga ƙarin da ya kashe ta har yau suna rabuwa a ɗakunan gwaji a faɗin duniya. Wato ƙwayar ɗan Adam da ta fara samun rashin mutuwa ita ce ta kashe mai ita. Birkin da ke tsufar da mu shi ne kuma yake tsare mu daga ciwon daji, kuma duk mai son cire ɗaya sai ya yi maganin ɗayan.

Kuma telomiya ɗaya ce cikin matsaloli da yawa. Kurakurai suna taruwa a cikin DNA. Ƙwayoyin da suka gaji ba sa mutuwa, sai su zauna suna fitar da sinadaran da ke ɓata na kusa da su. Jijiyoyin jini suna taurara. Garkuwar jiki tana rauni. Kamar tsohon gidan ƙasa ne: ka yaɓe gabas, yamma ta tsage, ka gyara indararo, gara ta ci azara. Tun 1825 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Benjamin Gompertz, ya lura da tsarin abin, kuma ƙididdigar zamani ta tabbatar: bayan mutum ya wuce shekara 30, haɗarin mutuwarsa yana ninkawa kusan duk bayan shekara takwas.

Hanyoyi huɗu da ake bi

Hanya ta farko ita ce rage gudun tsufa ko mayar da shi baya. A nan ne ake da ilimi na gaske. A 1993 Cynthia Kenyon ta canza ƙwayar gado ɗaya tak a jikin wata 'yar tsutsa, tsutsar ta rayu ninki biyu. A 2006 wani ɗan Japan, Shinya Yamanaka, ya gano cewa da sinadarai huɗu za a iya mayar da ƙwayar fatar da ta manyanta ta koma kamar ta ɗan tayi, ya kuma sami Nobel a 2012. A 2009 an nuna cewa wani magani mai suna rapamycin yana ƙara wa ɓeraye kwana. Ganin haka masu kuɗi suka shigo. Kamfanin Google ya kafa Calico a 2013, sannan a 2022 aka buɗe Altos Labs da jarin dala biliyan 3. Amma mu lura, tsutsar nan sati biyu zuwa uku take rayuwa, ɓera shekara biyu zuwa uku. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da tsufan mutum. Duk wanda ya tallata maka irinsa a Facebook ko a bayan mota ranar kasuwa, aljihunka yake so.

Hanya ta biyu ita ce sauya sassan jiki kamar yadda bakanike yake sauya kayan mota. Dashen ƙoda ya daɗe, har a Kano ana yi. A Janairun 2022 likitoci a Amurka suka dasa wa wani mutum zuciyar alade da aka gyara wa ƙwayoyin gado, ya yi wata biyu ya rasu. Ana ci gaba da gwaji. To amma ko an iya sauya zuciya da hanta da huhu, akwai sashe ɗaya da ba ya sauyuwa. In aka cire ƙwaƙwalwarka aka sa wata, wani ne ya tashi a jikinka. Ita kuma ƙwaƙwalwa tana tsufa, kuma cutar mantuwa ta tsofaffi har yanzu ba ta da maganin warkewa.

Hanya ta uku ita ce daskarar da gawa. A ranar 12 ga Janairun 1967 aka daskarar da wani malamin jami'a mai suna James Bedford, kuma gawarsa tana nan a ajiye har yau. Wata cibiya mai suna Alcor a jihar Arizona tana ajiye da mutum fiye da 200 a cikin tankunan ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Kuɗin ajiye jiki duka ya kai wajen dala dubu 200, na kai kaɗai wajen dubu 80. Fatansu shi ne wata rana ilimi zai kai a farfaɗo da su. Duk wanda ya taɓa sa tumatir a firiza ya fito da shi ya ga yadda yake ruɓewa ya san matsalar: ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin halitta. Suna zuba sinadarai don rage wannan ɓarna, amma sinadaran su ma guba ne. Daga 1967 zuwa yau ba a tashi ko mutum ɗaya ba.

Hanya ta huɗu ita ce ta abokina ɗan kwamfuta: a kwafe duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwa a zuba a na'ura. Wani injiniya mai suna Ray Kurzweil ya daɗe yana cewa zuwa 2045 mutum da na'ura za su haɗe. Mu duba inda aka kai. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. 'Yar tsutsar nan da na ambata 302 gare ta, an zana taswirar haɗuwarsu tun 1986, kuma har yau ba a gama fahimtar yadda take yanke shawarar juyawa dama ko hagu ba. A 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙaramin ƙuda mai bin 'ya'yan itace, ƙwayoyi wajen dubu 140, duniyar kimiyya ta yi ta murna. Daga dubu 140 zuwa biliyan 86 akwai tafiya.

A ce ma an kai. In na tura maka hoto ta Xender, nawa yana nan a wayata, naka kwafi ne. In aka kwafe ni aka sa a kwamfuta, kwafin zai iya yin muryata, ya san sunan mahaifiyata, ya tuna lambar rajistata. Ni kuwa ina nan zaune ina kallonsa, kuma ranar da kwanana ya ƙare ni za a kai makwanci. Balle a ƙasar nan, da an ɗauke wuta sai a ce Alhaji ya ɗan rasu, a jira a tayar da janareta.

Ko an ci tsufa, saura me?

Mu ƙaddara an yi nasara, tsufa ya kau. Har yanzu akwai hanya, akwai ruwa, akwai bindiga. Duk wanda yake bin titin Sakkwato zuwa Jega ta Tambuwal ya san yadda gabansa ke faɗuwa in tirela ta taho da daddare. Mutanen bakin gulbi sun san abin da kwalekwale yake yi da damina. Mutanen Kebbe da maƙwabtansu na Zamfara sun san tashin hankalin 'yan bindiga. Babu ƙwayar maganin da ke hana waɗannan.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce haɗarin mutum ya mutu ta hatsari ɗaya ne cikin dubu a kowace shekara. To matsakaicin ransa zai zama shekara dubu. Da yawa ne, amma dubu ba har abada ba ce. Don haka amsar tambaya ta farko a wajena ita ce: fasaha za ta iya ƙara wa mutane shekaru da lafiya, ta ma riga ta yi, wataƙila kuma wata rana ta ɗan ɗaga rufin nan na 120. Rashin mutuwa ɗungurungum kuwa, ko a ma'aunin kimiyya babu hanyarsa. Mutuwa rigar kowa ce.

To a ce zai yiwu, abin so ne?

Da na je gida hutu na kai wa kakata labarin. Na ce, "Kaka, an ce Turawa na neman maganin da mutum zai sha ya yi shekara ɗari biyu. In ya fito in sayo miki?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Kai maigidan banza, ko goro ba ka kawo min ba sai zance. Mi za ni yi da shekara ɗari biyu? Waɗanda munka taso tare duk sun tahi. In na ce ka tuna shekarar kaza, wa za ya ce min ya tuna?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Da dai sun samo wanda za ya tsai min da ɗiyana shidda, shi da na saya ko da akuyata ta ƙarshe."

Maganarta ta fi duk abin da na karanta zama a raina, domin ta raba abu biyu da muke cakuɗawa. Akwai mutuwar wanda ya ga 'ya'ya da jikoki, ya gaji, ya shirya. Akwai kuma mutuwar yaron da bai ma iya faɗin sunansa ba. Kuɗin da ake zubawa a Kalifoniya na neman tunkuɗe ta farko ne. Wadda ta addabe mu a nan ita ce ta biyu.

Ban da kaɗaici, akwai maganar wuri. Gonar kakana an raba ta tsakanin 'ya'yansa, yanzu rabon kowa bai fi a yi masa kwana biyu ana noma ba. Wannan fa da mutuwa ke nan. In babu ita, kakan kakana yana nan riƙe da gonar, mu duka 'yan ƙodagonsa ne. Mu da za mu karɓi difloma bana, ina za mu sami gurbi in babu mai ritaya? Shugaban sashe yana nan tun shekara 150, kai kana jiran a ɗauke ka ƙaramin ma'aikaci.

Haka mulki. Paul Biya yana kan kujerar Kamaru tun 1982, kuma an haife shi a 1933. Teodoro Obiang yana mulkin Equatorial Guinea tun 1979. Yawancin mutanen ƙasashen nan ba su taɓa sanin wani shugaba ba. A tarihi, azzalumin da ya gagari kowa bai gagari kwanansa ba, talakawa sukan yi haƙuri domin sun san komai daɗewa zai wuce. Ka cire wannan, ka ga irin duniyar da za ta rage.

Sannan wa zai samu? Muna da misali a gabanmu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin gadon mai ciwon sikila. Babban ci gaba ne. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana haifar jarirai wajen dubu 150 da ita duk shekara. Kusan kowannenmu ya san wani a ajinsu ko a gidansu da ke kwana yana kuka da ciwon ƙashi. Maganin yana duniya, amma bai san hanyar Dogon Daji ba. In maganin tsufa ya fito, ta wannan hanya zai bi. Yau mai kuɗi da talaka likkafani ɗaya ne, rami ɗaya ne. Ranar da aka fara sayar da kwana, wannan daidaiton ma ya tafi.

Kar kuma a ce na ƙi jinin binciken. Wanda ya ga tsohonsa ya manta sunan 'ya'yansa, ko shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi shekara biyar, ba zai ce a bar binciken tsufa ba. In aikin su Yamanaka ya sa mutum ya kai 85 yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana gani, yana cikin hankalinsa, wannan alheri ne babba. Ƙarin lafiya a cikin shekarun da aka ba mutum abin nema ne.

Ta fuskar addini kuwa, yawancinmu mun taso da sanin cewa kowane rai yana da ajalinsa. A ƙissar Annabi Adamu (AS), da kwaɗayin dawwama Iblis ya ja hankalinsa zuwa ga bishiyar, ka ga wannan buri ya girmi kowace na'ura. Amma addinin nan dai shi ne ya yi umarni da neman magani. Ya zo a hadisi cewa kowace cuta an saukar mata da magani, aka togace tsufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, duk da nauyin daula sai da ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur. Saboda haka wanda ya ƙi kai ɗansa asibiti yana cewa in kwana ya ƙare ya ƙare, bai bi magabatan ƙasar nan ba. Ajali a ɓoye yake, neman magani kuwa an ɗora mana shi.

Fasahar da ta riga ta yi aiki a nan

Na tambayi mahaifiyata me ya kashe 'yan uwanta. Biyu ƙyanda, ɗaya gudawa, ɗaya zazzaɓi da jijjiga da damina, ɗaya kwana bakwai da haihuwa jikinsa ya sandare bayan an yanke cibiya, ɗayan kuma sanƙarau. Duka shidan yau akwai rigakafinsu ko maganinsu, kuma babu mai tsada a ciki.

Ɗauki sanƙarau. A 1996 annobarsa ta kama mutum fiye da dubu 100 a Najeriya, ta kashe fiye da dubu 11, yawanci a Arewa. Nau'in A ne ya yi wannan ɓarna. A 2010 aka fito da allurar MenAfriVac, wadda aka yi musamman don ƙasashenmu, kuɗinta bai kai rabin dala ba. Aka fara da Nijar da Mali da Burkina Faso, Najeriya ta bi a 2011. Nau'in A ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. A 2017 nau'in C ya taso, ya kashe fiye da mutum dubu, Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fi jin jiki. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a lokaci ɗaya. Da kuɗin da Bryan Johnson yake kashewa a shekara ɗaya, a farashin MenAfriVac, za a sayi allurar mutum miliyan 4.

Ba ita kaɗai ba. Cutar agana, wadda ta bar zane a fuskokin tsofaffinmu, an shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Kurkunu, mai kwantar da manomi a tsakiyar damina, an tabbatar da Najeriya ta rabu da shi a 2013. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. A Disambar 2024 aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ga maganin da ake bi gida gida ana ba yara duk wata da damina. Ga ruwan gishiri da sikari, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sikari, rabin cokali na gishiri, wanda ya ceci miliyoyin yara daga gudawa.

Duk da haka aiki yana nan jibge. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin yara dubu da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. A jihar Sakkwato abin ya kusa ɗaya cikin biyar, a Kebbi ɗaya cikin huɗu. A cikin birnin Sakkwato akwai asibiti guda na cutar noma, mai cin fuskar yara, cutar da yunwa da rashin tsabtar baki ke buɗe wa ƙofa, wadda maganin ƙwayoyin cuta mai araha yake tsayarwa in an kama ta da wuri.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Lokacin da na yi aikin koyon sana'a a wani ƙaramin asibiti, na ga an zubar da allurar rigakafi saboda firijin sola ya lalace, aka yi makonni ba a sami mai gyara ba. Matan da suka taho da goyo daga nesa suka koma haka nan. Na ga madubin gwajin jini a cikin kwali, ƙura ta rufe shi, don wani ɗan ƙwan fitila ya ƙone. Masanin da ya ƙirƙiro allurar ya gama nasa. Abin da ya rage aikin mai difloma ne: ɗan lantarki da zai gyara firijin da batirinsa, ɗan sashen gine-gine da zai haƙa rijiyar burtsatse nesa da masai, ɗan kwamfuta da zai tsara rajistar da za ta nuna yaron da bai dawo allura ta biyu ba, da irina da zai duba jini ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Yaro ɗaya da aka tsallakar daga shekara biyu ya kai saba'in, an ƙara wa duniya shekara 68 na rayuwar mutum. Har yau babu wani kamfanin yaƙi da tsufa da ya nuna ya ƙara wa mutum ɗaya ko shekara goma.

Abokina ɗan kwamfuta har yanzu yana kan bakansa, ya ce mu haɗu a 2045 mu ga wanda ya yi gaskiya. Na ce masa in Allah Ya kai mu ina da shekara arba'in da 'yan kai, zan zo, amma ya taho da rajistar yaran garinsu mu fara dubawa.

Kafin nan, in kun je gida hutun nan, ku nemi katin rigakafin ƙannenku da 'ya'yan yayyenku ku duba ko an cike shi. Wanda bai san rukunin jininsa na sikila ba, ya je ya yi gwaji tun kafin maganar aure ta taso. Allah Ya ba mu tsawon rai mai amfani, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu gama da duniya lafiya.